Yadda Ake Haɗa Jirgin Ƙasa na Wasa Mai Shan Kwana a Ƙaramin Wuri

Idan kaka ta yi a ƙasar Garki ta Jigawa, aka girbe gero da dawa, kara ya zube a gonaki, to kasuwar yara ta buɗe. Kowace inuwa ka leƙa za ka tarar da su da reza a hannu, ana fere kara, ana soka ɓawo cikin totuwa, kafin la'asar an fito da motar kara da ƙofofinta da tayoyinta. Da wannan wasa muka tashi, kuma har gobe ina ɗaukarsa makarantar farko ta kanikanci a ƙasar Hausa.

Sai dai akwai inda gwanayen nan suke cijewa. Yaro zai ƙera tirela, ya ƙera bas, amma ranar da ya ce jirgin ƙasa zai yi a kan dogo, muddin layin a miƙe yake lafiya lau, da an zo kwana sai taragai su bi juna su kife. Ya gyara, su sake kifewa. Daga nan ya ce wurin ne ya yi masa kaɗan, ya watsar da aikin.

Faɗin ƙyauren ɗaki ya ishi jirgi ya yi ta zagaye wuni guda bai goce ba. Sharaɗin ɗaya ne: a fara da zana kwana, sannan a ƙera jirgin daidai da ita, kamar yadda tela yake auna mutum kafin ya sa almakashi. Duk abin da ke cikin jagoran nan a kan wannan sharaɗi ya tsaya.

Abin da ke faruwa a kwana

Mutumin Garki da ke son ganin dogo na gaske, Ringim zai nufa ko Taura, inda layin Kano zuwa Nguru ya ratsa ya wuce Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma ya kammala a 1930, ya yi shekaru yana kwashe gyaɗa. Idan ka tsaya kusa da tarago ka duba ƙarƙashinsa, abu biyu za ka gani. Na farko, kowace taya tana da leɓe ta ciki, wanda ke hana ta zamewa daga kan ƙarfen dogo. Na biyu, tayar dama da ta hagu a maƙale suke da sanda ɗaya, tare suke juyawa, babu mai iya rigan wata.

A nan matsalar take. A kwana, ƙarfen waje ya fi na ciki tsawo. Idan layi ya yi zagaye cikakke, bambancin ya kai faɗin dogon sau shida da 'yan kai, ko da'irar babba ce ko ƙarama. Dogon da za mu yi faɗinsa santimita 3 ne, don haka a kowane zagaye tayar waje tana da ƙarin tafiya ta kusan santimita 19. Taya mai faɗin murfin robar lemo tana cin santimita 9 da rabi a juyi ɗaya. Ke nan tayar waje sai ta yi juyi biyu fiye da 'yar'uwarta a kowane zagaye. Idan an ɗaure su tare, dole ɗaya ta riƙa goga tana ja, kuma a cikin wannan ja-in-ja ne leɓen taya yake hawa ƙarfe ya tsallake.

Injiniyoyin reluwe sun yi wa abin dabara: ba sa yin fuskar taya a shafe, suna ɗan karkata ta, ɓangaren da ke kusa da leɓe ya fi kauri. Da jirgi ya shiga kwana sai ya matsa waje kaɗan, tayar waje ta hau kan kaurinta, ta ciki ta koma kan sirantarta, sai tafiyarsu ta daidaita. Wannan yana aiki a kwana mai faɗi. A matsattsiyar kwana irin tamu, wata dabara za mu bi, za mu zo kanta.

Akwai darasi na biyu daga manyan jiragen. Inda ƙasa ta matse, ƙaramin dogo ake shimfiɗawa da gajerun taragai. Layin Nguru faɗinsa milimita 1,067 ne. Amma da Turawa suka so kwaso kuza daga tsaunukan Jos, layin da suka ja daga Zariya, wanda ya kai Bukuru a 1914 aka rufe shi a 1957, milimita 762 kawai suka ba shi. A Darjeeling ta ƙasar Indiya akwai wani mai milimita 610 tun 1881, wanda yake murɗawa a jikin dutse har ya zagayo ya haye ta saman kansa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kayan da za ka tanada

- Allon katako mai santsi, santimita 90 a faɗi, 180 a tsawo. Tsohon ƙyaure mai wannan girma ya yi, in dai bai bauɗe ba.
- Langa-langar ƙarfe, irin wadda ake ɗaure dila da ita, kamar mita 9. Masu buɗe diloli a Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai a Kano suna tara ta, haka 'yan gwangwan.
- Guntayen katako daga wurin kafinta, a yanka su santimita 6 a tsawo, 1 a faɗi, 1 a kauri, kamar guda 120. Su ne matasan da dogo zai kwanta a kai.
- Murafen robar lemo iri ɗaya, da tsohuwar jarka da za a yanko leɓen taya a jikinta.
- Sifok na keke, bututun biro, waya mai laushi, noti da washa.
- Karan dawa busasshe, ko kwali mai ƙwari.
- Ƙaramin moto daga lalatacciyar motar wasa ko tsohuwar rediyo mai kaset, batir na tocila, makunni, da robar ɗaure kuɗi.
- Zarton ƙarfe, magagari, samfefa, filaya, rula, fensir, zare, gam da ƙananan ƙusoshi.

Bakin langa-langa yana yanka kamar wuƙa. Babba ne zai goge shi da magagari da samfefa kafin yaro ya taɓa. Batir na tocila kaɗai za a yi amfani da shi. Kada a kusanci wutar gida, kada kuma a fasa batirin waya, domin yana iya kamawa da wuta.

Mataki na 1: Zana kwana

Tun ran gini tun ran zane. Ja layi a tsakiyar allon ta tsawonsa. Daga kowane ƙarshe auna santimita 45 a kan layin, ka kafa ƙusa. Ɗaura zare a ƙusar, ɗaura fensir a ɗaya bakin, tazararsu santimita 35, ka zana rabin da'ira a kowane ƙarshe. Wannan 35 ita ce uwar lissafinmu, daga gare ta duk sauran awo zai fito. Santimita 10 da ta rage a gefe kada ka yi kwaɗayinta, domin kan jirgi da gindin tarago suna leƙowa waje a kwana.

Yanzu miƙaƙƙun layuka biyu da za su haɗa kwanonin. A nan mutane da yawa suke kuskure: sukan manna miƙaƙƙen layi kai tsaye da da'ira. Jirgi yana tafe sumul, sai kawai ya ji an fizge shi gefe, kuma a daidai wannan gaɓa ne ya fi gocewa. Direban kirki ba ya murɗa sitiyari gaba ɗaya lokaci guda, sannu-sannu yake karya shi. Haka dogo yake so. Zana miƙaƙƙen layin santimita 1 a wajen da'irar. Ɗauko guntun langa-langa, ka dafe shi a kan miƙaƙƙen layin santimita 12 kafin farkon kwana, ka lanƙwasa shi har ya kwanta a kan da'irar santimita 12 bayan farkonta, wani ya bi jikinsa da fensir. Lanƙwasar da ƙarfen ya yi da kansa ita ce mashigar kwana. Ka yi haka a wurare huɗu.

Idan kana son ƙara wa layin ado da kwana biyu masu saɓa wa juna, ɗaya dama ɗaya hagu, to ka sa miƙaƙƙen layi a tsakaninsu wanda ya kai tsawon taragonka mafi tsawo. In babu shi, gaban tarago ɗaya zai nufi gabas, bayan na gabansa ya nufi yamma, mahaɗarsu ta jefar da ɗaya.

Mataki na 2: Shimfiɗa dogo

Kowane matashi za a yi masa tsaga biyu da zarton ƙarfe, zurfin rabin santimita, inda langa-langa za ta tsaya a kan gefenta. Yi ma'auni ɗaya na kwali ko gwangwani ka riƙa ɗora shi, kada ka auna kowanne da ido. Matasan miƙaƙƙen layi, tazarar tsagoginsu santimita 3 cif. Na kwana, ƙara musu milimita 1, ka shafa musu alama don kada su cakuɗe. Wannan 'yar sakewa ita ke ba tarago damar juya jikinsa, kuma reluwe na gaske ma yana buɗe dogo kaɗan a matsattsiyar kwana.

Manna matasan a kan zanen, tsakiyar kowanne a kan layin fensir, tazarar santimita 4 a miƙe, 3 a kwana. A kwana kowane matashi ya kalli ƙusar tsakiya, kamar sifok a ƙafar keke. Zaren da ka yi zane da shi zai nuna maka.

Kafin ka soka langa-langa, lanƙwasa ta da hannu tukuna, ka riƙa jan ta tsakanin yatsu da tsumma har ta ɗauki siffar kwanar da kanta. Wadda aka tilasta wa shiga tsaga za ta yi ta ƙoƙarin miƙewa, ta ɓalle matasai. Inda tsaga ta yi mata yawa, cusa siririn kwali da ɗigon gam. Mahaɗar ƙarfe biyu kuwa kada ta faɗo a kwana. Kai ta tsakiyar miƙaƙƙen layi, bakunan biyu su haɗu cikin tsagar matashi ɗaya, kuma mahaɗar dama kada ta yi daidai da ta hagu. Bi da yatsa a hankali: duk inda farce ya tsaya, leɓen taya ma zai tsaya, sai a sa magagari.

Abu na ƙarshe, jingina. Mai babur yakan kwanta ta cikin kwana. Domin jirgi ya yi haka, sa siririn kwali mai kaurin milimita 1 a ƙarƙashin bakin waje na matasan kwana tun wajen mannawa, ka fara da takarda a mashiga sannan kwali. Kada ya wuce haka, in ya yi yawa taragai za su faɗo ciki.

Mataki na 3: Tayoyi

Goge zanen jikin murfin lemo da samfefa ya yi santsi. Yanko faifai daga jikin jarka, faɗinsa santimita 3.6, ka manna a buɗaɗɗen bakin murfin. Abin da ya leƙo, milimita 3 a kewaye, shi ne leɓe. Goge bakin leɓen ya zama mai sulɓi ta ɓangaren da zai taɓa dogo, domin leɓe mai kaifi cizon ƙarfe yake yi ya hau. Huda tsakiya da zazzafar ƙusa. Ka natsu sosai a nan: taya mai karkataccen rami za ta yi ta ɗingishi, kuma mai ɗingishi ba ta shan kwana.

Ga dabarar da na yi alkawari. Tayoyin taragai kada ka manne su da sanda. Kafe sifok ɗin a jikin tarago, ka soka guntun bututun biro a ramin kowace taya, ta riƙa juyawa ita kaɗai. Ta haka tayar waje za ta yi ƙarin juyinta biyu ba tare da ta ja kowa ba. Tsakanin tayoyin biyu sa wani bututun da zai tsayar da tazararsu, ta waje kuma ka toshe da guntun robar waya. Daga fuskar leɓe ɗaya zuwa ɗaya, wato fuskokin da ke kallon ƙarfen dogo, santimita 2.8. Milimita 2 da suka rage wurin numfashi ne.

Mataki na 4: Taragai da mahaɗa

Masu wannan sha'awa a duniya suna da ƙa'idar da suka gwada suka yarda da ita: rabin faɗin kwana ya ninka tsawon tarago sau uku. Tamu 35 ce, don haka tarago kada ya kai santimita 12. Tazarar sandar gaba da ta baya kuwa santimita 6. Ka riƙe wannan da kyau, domin idan ka ninka tazarar nan sau biyu, matsewar da tarago zai yi a kwana sau huɗu za ta ninku.

Mai son dogon taragon fasinja sai ya yi masa bogi, wato 'yar amalanke mai taya huɗu da ke juyawa a ƙarƙashinsa a kan noti ɗaya, ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan yana buƙatar ƙananan tayoyi, irin murfin kwalbar magani, kuma ko da bogi kada tsawon ya wuce santimita 17.

Ƙasan tarago ya zama siririn katako, samansa kara. A nan gwanintar motar kara take da rana, domin kara ba shi da nauyi, kuma abin da ake so ke nan: sama sakayau, ƙasa da nauyi. Manna noti ɗaya ko biyu a ƙarƙashi, tsakanin sandunan. Taragan su yi kusan nauyi ɗaya. In akwai wanda ya fi, shi zai bi kan jirgi, marasa nauyi su koma baya. Idan ka sa maras nauyi a tsakiya, mai nauyi a ƙarshe, da an shiga kwana jerin zai so miƙewa kamar igiyar da aka ja, na tsakiyar ya faɗo ciki.

Mahaɗa ita ce waya mai ƙugiya a kowane baki, tsawon santimita 3, tana shiga zobe a ƙasan kowane tarago. Zobban duka su zama tsayi ɗaya daga dogo, kusa da tsayin sandar taya, kuma wayar ta riƙa lilo dama da hagu ba tare da ta cije ba. Ɗora taragai biyu a tsakiyar kwana ka duba kusurwoyinsu na ciki. In suna taɓa juna, ƙara tsawon wayar ko ka fere kusurwar.

Mataki na 5: Kan jirgi

Kan jirgi ma gajere ne, taya huɗu, tazarar santimita 6. Sandar baya ce mai tuƙi, ita kaɗai za a manne wa tayoyinta, ta riƙa juyawa cikin bututun biro. Na gaba a bar su sake. Batir ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan sandar baya, nauyinsa ya ba tayoyin riƙo.

Babban aiki shi ne rage gudu. Ƙaramin moto yana juyawa sau dubbai a minti, mu kuwa juyi biyu a daƙiƙa muke nema. Mafi sauƙi ka ciro moton motar wasa tare da giyarsa. In babu, yi hawa biyu da robar ɗaure kuɗi: daga siririn bakin moto zuwa babban faifai, daga siririyar sandar faifan zuwa sandar taya. Fara da batir ɗaya. Layin namu kusan mita 4 ne, jirgi ya zagaye shi cikin daƙiƙa 20 ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwaji da gano cuta

Kada ka kunna komai tukuna. Ɗauki tarago ɗaya ka tura shi da ɗan yatsa, ya zagaye gaba da baya, idonka daidai da dogo, kunnenka a buɗe. Sannan biyu, sannan uku, sannan kan jirgi shi kaɗai, sannan duka. Da wani abu ya goce, sa alamar fensir a wurin da kuma a jikin taragon. Bayan zagaye kaɗan alamomin za su faɗa maka gaskiya:

- Idan taragai daban-daban suna gocewa a wuri ɗaya, laifin dogo ne. Auna faɗinsa a nan, duba mahaɗa, duba ko ƙarfe ɗaya ya fi ɗaya tsayi.
- Idan tarago ɗaya ne yake gocewa ko'ina, laifinsa ne. Duba tazarar leɓɓansa, ko sandunansa biyu ba su yi daidai da juna ba.
- Idan waje yake faɗawa, gudu ya yi yawa ko nauyi ya hau sama.
- Idan ciki yake faɗowa, jerin ya yi tsawo, ko wata taya a baya ta cije, ko jingina ta yi yawa.
- Idan yana ƙara yana rage gudu a kwana, goga bakin fensir a cikin ƙarfen waje, inda leɓe yake shafa. Kada ka zuba mai a saman dogo, tayar tuƙi za ta yi ta sulɓi.

Ƙurar hunturu tana taruwa a bututun taya, sai a riƙa sharewa da tsohon buroshi. Damina tana kawo tsatsa, samfefa mai laushi ke maganinta. Gara kuwa ba ta ƙin kara da katako, don haka idan an gama wasa a jingine allon a kan bulo, nesa da bangon ƙasa, a rufe shi da buhu.

Idan na kanti ka samu

Wanda aka kawo wa jirgin wasa na kamfani, ƙa'idojin nan ba su canza ba. Nau'in HO, wanda ya fi yaɗuwa, kashi 1 cikin 87 ne na jirgin gaske, faɗin dogonsa milimita 16.5, kwanarsa ta yau da kullum kuma tana da rabin faɗi na kusan santimita 46, don haka ya fi ƙarfin allonmu. Nau'in N, 1 cikin 160 a kan dogo mai milimita 9, yana juyawa a kusan santimita 25. Nau'in Z, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, 1 cikin 220 ne, faifan tebur ya ishe shi. Kowanne ka samu, zaɓi gajeren kan jirgi da gajerun taragai, ka yi wa kwana mashiga, ka rage gudu.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo mai faɗin milimita 1,435 daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Layi irin wannan yana buƙatar masu auna kwana, masu duba taya, masu jin ƙara su san inda ciwo yake. Ina fatan a sami 'ya'yan Jigawa a cikinsu. Don haka idan kara ya bushe bana, kira ɗanka ko 'yarka ko ƙaninka, ka miƙa masa zare da fensir, shi zai zana kwanar. In jirgin ya goce kada ka karɓe ka gyara masa. Ka tambaye shi: a ina ya goce, wane tarago ne, ciki ya faɗa ko waje? Sannan ka ɗiga jan fenti a kan tayar waje da ta ciki, ya tura taragon zagaye ɗaya yana ƙirga juyin kowacce, har ya gano ƙarin juyi biyun nan da idonsa.